Yadda Rubutun Turancin Yaro Ke Girma: Abin Da Na Koya A Chinade

Sa'ad da aka liƙa sunayenmu a allon sanarwa, aka nuna wa kowa garin da zai je aikin gwajin koyarwa, sai na ga an rubuta mini Chinade, a ƙasar Katagum. Abokaina suka yi ta yi mini ba'a, suna cewa in an cire haruffa biyu na ƙarshen sunan ai ƙasar Sin aka tura ni, in shirya koyon cin shinkafa da tsinke. Muka yi dariya muka watse. Ashe kuwa kafin in dawo labarin mutanen Sin ɗin ne zai warware mini wata matsala wadda ta kusa sa in cuci wata yarinya a ajina.

Dalilin da ya sa na kawo wannan magana a mujallarmu shi ne, da yawa daga cikinku 'yan'uwana za ku fita gwajin koyarwa nan gaba kaɗan, kowa da jar tawadarsa a aljihu. Ina so in nuna muku abu guda wanda ni sai da na yi kuskure kāna na gane shi. Watau rubutun mai koyon Turanci ba ya girma a miƙe kamar karan dawa. Ya kan yi gaba, ya ja da baya, ya sake yin gaba, kuma sau da yawa lokacin da kurakurai suka fi yawa shi ne lokacin da yaron ke ƙaruwa.

Abin Da Ya Faru

An ba ni aji 1 na ƙaramar sakandare. Yawancin yaran Hausa su ke yi a gida, waɗansu kuma Fulatanci ko Barbarci, Turanci kuwa sai a cikin aji su ke jinsa. A makon farko na ba su insha'i, na ce kowa ya rubuta abin da ya gani ranar kasuwa. Wata yarinya mai zama a layin gaba ta rubuta layi 5, kalmomi wajen 30, duk gajerun jimloli, kuskure 2 kacal. Na ba ta maki mai kyau, na yaba mata a gaban aji.

Bayan wata guda na sake ba su wannan aiki. Wannan karon yarinyar ta cika shafi guda, kalmomi wajen 170, tana ba da labarin ranar da akuyarsu ta ɓace a kasuwa, aka tura ta nema ita da ƙaninta. Na bi da jar tawada ina ja, na ƙirga kuskure 17. Na ba ta makin da bai kai na farko ba, na rubuta a ƙasa cewa ta koma baya, ta riƙa mai da hankali. Da aka yi insha'i na uku sai ta kawo mini layi 5, tsaf da su, kusan irin na farkon nan. Na ji daɗi, na ce a raina gyarana ya yi amfani.

Ba da mugunta na yi haka ba. A makarantar mishan inda na yi firamare an hore mu da tsabtar rubutu, kuma har gobe ina gode wa malamaina saboda haka. Amma abin da ya zauna a kaina tun daga can shi ne, insha'i mai kyau shi ne wanda jar tawada ba ta taɓa ba.

Ana nan sai malaminmu ya zo daga Azare duba mu. Ya zauna a bayan aji yana buɗe littattafan yara, da aka tashi sai ya kira ni, ya jera mini rubutun yarinyar nan guda uku, ya ce, "Malam, a cikin waɗannan a wanne ne ta gaya maka abin da ba ka sani ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a na biyu." Ya ce, "To, shi ne kuwa ka hore ta a kansa. Ta gane abin da ka ke so, ta daina ba ka labari." Sa'an nan ya ce in na sami hutu in nemi abin da masana suka rubuta game da Sinawa masu koyon rubutun Turanci, zan ga yarinyata a ciki.

Mu Da Mutanen Sin

Mai karatu zai ce, ina Chinade ina ƙasar Sin? Ni ma haka na ce da fari. Amma da na bincika sai na ga wahalarmu da tasu ta yi kama ta hanyoyi da dama.

Su ma Turanci harshen makaranta ne gare su, ba sa jinsa a gida ko a kasuwa. A shekarar 2001 ma'aikatar ilimi ta ƙasarsu ta umurta a fara koyar da shi daga aji 3 na firamare, kuma yana cikin babbar jarrabawarsu ta shiga jami'a. Rubutunsu na gado ba na haruffan Rumawa ba ne, ba shi da babban baƙi da ƙarami, ba a kuma barin fili tsakanin kalma da kalma. Yaronmu da ya fara da makarantar allo shi ma ya saba da rubutun da ba shi da babban baƙi, ga shi kuma daga dama zuwa hagu ya ke tafiya.

A Sinanci aikatau ba ya sauya kama domin nuna lokaci, sai a ƙara wata 'yar kalma, ko a ambaci jiya ko gobe. Mu ma a Hausa ba a jikin aikatau mu ke nuna lokaci ba. Mu kan ce ya sayi gero, zai sayi gero, ya kan sayi gero, kalmar sayi tana nan yadda ta ke, abin da ke gabanta ne ke sauyawa. Saboda haka Basine da Bahaushe duk su kan rubuta "yesterday I go", domin a ganinsu kalmar jiya ta riga ta gama aiki. Har wa yau mu kan ce ko da ya ke ya gaji, amma ya zo. Sinawa ma suna haɗa irin waɗannan kalmomi biyu a jimla ɗaya, don haka mu da su duk mu kan haɗa "although" da "but", abin da Turanci bai yarda da shi ba.

Akwai kuma inda muka bambanta. A bakin Sinawa shi da ita duk lafazi ɗaya ne, watau "ta", sai a rubuce a ke rarrabe su, don haka su kan rikita "he" da "she". Bahaushe bai cika yin wannan ba, tun da har kai da ke ya rarrabe. Tasa wahalar ita ce "it", domin a Hausa kome namiji ne ko mace, shi ya sa za ka ga an rubuta "the lorry she has come".

Binciken da malaminmu ke nufi shi ne na wata malama ta Jami'ar Mishigan a Amurka, mai suna Diane Larsen-Freeman, wanda aka buga a 2006. Ta ɗauki mata 5 'yan ƙasar Sin masu koyon Turanci, ta sa kowacce ta rubuta labarin wani abin da ya taɓa faruwa gare ta, kuma wannan labari ɗaya ta riƙa sake rubutawa, har sau 4 cikin wata 6. Sa'an nan ta auna abubuwa huɗu: tsawon jimlolinsu, da yadda su ke sarƙa jimla cikin jimla, da yawan jimlolin da ba su da kuskure, da yalwar kalmomin da su ke amfani da su. Da ta haɗa su duka ta raba, sai ta ga an ci gaba a kowane fanni. Amma da ta dubi kowace mace ita kaɗai sai ta ga abin ba haka ya ke ba. Wata ta hau ta sauko, wata ta sauko kāna ta hau, wata ta ƙaru a kalmomi, wata a ginin jimla, ba biyu da suka bi hanya ɗaya.

Wannan ya buɗe mini ido. In manyan mata masu ilimi, waɗanda ke zaune a cikin masu harshen, rubutunsu na hawa da sauka, yaya zan ɗauki takarda guda ta yarinya 'yar aji 1 in yanke mata hukuncin ta koma baya?

Matakan Da Yaro Ke Bi

Da na koma bakin aiki sai na roƙi malaman makarantar su ba ni aron littattafan yara daga aji 1 zuwa aji 3, na kuma leƙa na waɗansu 'yan firamare. Abin da na gani ya dace da abin da na karanta. Ga matakan kamar yadda na fahimce su. Amma fa a tuna, yaro ba ya gama ɗaya sarai kāna ya shiga na gaba, sau da yawa ƙafa ɗaya na nan ɗaya na can.

Mataki na farko shi ne kwafa. A nan hannu ne ke koyo. Yaro na kallon allo yana zana abin da ya gani, harafi bayan harafi, ko bai san ma'anarsa ba. In aka yi masa shifta sai ya rubuta Turanci da ƙa'idar Hausa, inda kowane harafi ke da lafazi ɗaya: "tica" maimakon "teacher", "cikin" maimakon "chicken", "sukul" maimakon "school". Ya kan kuma musanya p da f, ko b da v. Wannan ba wauta ba ce, hasali ma alama ce ya iya ƙa'idar rubutun Hausa. Ko sunan garin Chinade kansa da salon Turawa a ke rubuta shi, in da ƙa'idar Hausa za a bi da c kawai za a fara shi.

Mataki na biyu shi ne hadda. Yaro ya haddace waɗansu jimloli sukutum, irin su "my name is" da "I hope you are fine", in an ce ya yi insha'i sai ya jera su. Kurakurai kaɗan ne, littafi tsaf. Amma maganar ba tasa ba ce, ta aro ce, kuma in ka karanta na yara goma sai ka ga kamar mutum ɗaya ya rubuta. Rubutun yarinyata na farko da na uku duk na wannan mataki ne.

Mataki na uku shi ne fassara. Yanzu yaro yana da abin da ya ke so ya faɗa, haddarsa kuwa ba ta isa ba, sai ya yi tunani da Hausa ya sa wa tunanin rigar Turanci. Tun da mu kan ce babana ya tafi gona, sai ya rubuta "my father he went to farm". Tun da mu kan sha mangwaro mu ji wari, sai ya rubuta "I drank mango" da "I hear smell". Tun da kalmar ara ɗaya ce gare mu, ko karɓa ko bayarwa, sai ya rubuta "borrow me your book". A nan ne kurakurai ke tashi kamar fāra, kuma a nan ne malami marar lura ke cewa yaro ya lalace. Alhali kuwa yanzu ne ya fara rubutu.

Mataki na huɗu shi ne yaro ya fara gano ƙa'idodi da kansa. Wani abin mamaki kan faru a nan. Yaron da a da ya ke rubuta "went" daidai, sai ka ga ya koma rubuta "goed", da "buyed", da "childs". Dalili shi ne, a da hadda ce, yanzu kuwa ya gane cewa a kan ƙara -ed domin nuna abin da ya wuce, da -s domin jam'i, sai ya riƙa sa su ko'ina. Bayan wani lokaci zai gane kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, ya komo ga "went", wannan karon da sani. Ko 'ya'yan Turawa haka su ke yi suna ƙanana.

Mataki na biyar shi ne yaro ya fara tunawa da mai karatu. Ya kan raba magana sakin layi sakin layi, ya san abin da zai fara da shi da abin da zai ƙare da shi, ya karanta abin da ya rubuta ya gyara da kansa. Jimlolinsa ma su kan sauya. Da fari kome da "and then" ya ke haɗawa, kamar yadda mai tatsuniya ke cewa sai kaza, sai kaza. Daga baya "because" da "when" su shigo, can kuma "who" da "which".

Kada a yi tsammanin wannan aikin zango ɗaya ne. A 1965 wani masani a Amurka mai suna Kellogg Hunt ya auna rubutun yaran da Turanci ne harshensu na gida. Ya tarar a aji 4 cikakkiyar jimla tare da rassanta ba ta wuce kalma 9 ba a matsakaici, a aji 8 ta kai 11 da rabi, a aji 12 kuwa 14 da 'yan kai. Watau shekara 8 aka yi kafin a sami ƙarin kalma 6. In masu harshen haka abin ke ɗaukar musu lokaci, to yaron Chinade ya cancanci a yi masa haƙuri. Da rarrafe yaro kan tashi.

Me Ya Sa Kuskure Ke Ƙaruwa Sa'ad Da Yaro Ke Ƙaruwa?

Amsar ita ce, hankalin mai koyo ba ya iya riƙe kome a lokaci ɗaya. Ku tuna ranar da kuka fara koyon keke. In ka mai da hankali ga feda sai kan keke ya kauce, in ka kama kan sai ƙafa ta tsaya. Haka mai rubutu. Yana so ya faɗi magana mai yawa, yana so ya gina doguwar jimla, yana kuma so kada ya yi kuskure, in ya matsa a ɗaya sai ɗaya ya sassauta, har ran da hannu ya saba.

Da na sake duban takardar akuya sai na ga haka sosai. A rubutun farko kuskure 2 cikin kalma 30, watau 1 cikin 15. A na biyu 17 cikin 170, watau 1 cikin 10. Lalle kuskuren ya ɗan ƙaru, ba na musu, amma ba yadda jar tawadata ta nuna ba. Kuma a cikin wannan shafi yarinyar ta yi amfani da "because" sau uku, ta gwada "when", ta sa maganar mai sayar da gyaɗa a bakinsa, ta yi ƙoƙarin ba da labarin duka da sigar abin da ya wuce. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin rubutun farko. Fiye da rabin kurakuran kuma iri ɗaya ne, watau na lokacin aikatau. Ashe abu ɗaya ne ba ta ƙware ba, ni kuwa na ƙirga mata shi sau goma.

Tun 1967 wani malami na Jami'ar Edinbara, S. Pit Corder, ya yi bayani cewa kuskuren mai koyo shaida ne na ƙa'idar da ya ke aiki da ita a kansa, saboda haka yana nuna wa malami inda yaro ya kai da abin da ya rage. Ya kuma rarrabe tsakanin tuntuɓen alƙalami, wanda mutum zai iya gyarawa da kansa in an nuna masa, da kuskuren rashin sani. A 1972 Larry Selinker ya ba wa wannan Turancin mai koyo suna, wanda za mu iya fassarawa da harshen tsakani, watau ba Hausa ba, bai kuma kai Turancin masu shi ba, amma yana da tsarinsa. Shi ne kuma ya yi gargaɗi cewa waɗansu kurakurai in an ƙyale su su kan daskare, mutum ya tsufa da su. Don haka kada wani ya fahimce ni da cewa a daina gyara. Magana ita ce a san abin da za a gyara, da lokacin gyaransa.

Abin Da Malami Zai Yi

Ga shawarwarin da na gwada a sauran makonnin da suka rage mini, na ga amfaninsu.

Na farko, ka ajiye rubutun yara, kada ka auna yaro da takarda guda. Ka zaɓi labari ɗaya su riƙa sake rubuta shi bayan kowane mako 3 ko 4, ba tare da duban na baya ba, kāna ka jera su ka gwada. Ka dubi yawan abin da ya faɗa, da irin jimlolin da ya gwada, da kurakuran da suka tafi da waɗanda suka zo. In ka nuna wa yaro takardunsa a jere, shi da kansa zai ga tafiyar da ya yi, gani kuwa ya kori ji.

Na biyu, karatun farko ka yi shi alƙalaminka na ajiye. Ka karanta domin ka ji labarin, sa'an nan ka rubuta masa tambaya guda a ƙasa, kamar, to daga nan sai me ya faru? Yaron da ya ga an karanta maganarsa zai ƙara wata.

Na uku, ka zaɓi kuskure iri ɗaya ko biyu a kowane aiki, ka gaya wa aji tun da wuri cewa wannan makon lokacin aikatau za mu duba, ko aya da babban baƙi. Sauran ka rubuta su a littafinka domin darasin gaba. Wannan zai kuma rage maka wahala in aji ya cika maƙil.

Na huɗu, kafin ka gyara ka ja layi kawai, ka ce yaro ya nemo abin da ya ɓaci, ko shi da maƙwabcinsa. Wanda ya gyara da kansa tuntuɓe ne, ba ya bukatar darasi. Wanda ya kāsa, nan ne aikinka ya ke.

Na biyar, kada ka ɗauki Hausa abokiyar gābar Turanci. Bari yara su ba da labarin da baki da Hausa tukuna, su san farkonsa da ƙarshensa, kāna su shiga neman kalmomin Turanci. In kuskuren fassara ya fito, ka rubuta jimlar Hausa da ta Turanci a allo, ɗaya bisa ɗaya, su ga inda suka rabu. Gwamnati ta sha sauya magana game da harshen koyarwa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen gida kāna a koma Turanci. A 2022, zamanin da Malam Adamu Adamu, mutumin Azare, ke ministan ilimi, aka amince a yi shekara 6 na firamare da harshen gida, a 2025 kuma aka janye wannan. Amma ko wace doka aka kafa, yaro da harshen uwarsa a ka zai shigo aji. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara 6 ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su kāsa takwarorinsu a Turanci ba. Mu ma a nan jihar muna da abin misali. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi, kuma duniya ta yaba Turancinsa sa'ad da ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, littafinsa Shaihu Umar da Hausa ya rubuta shi.

Na shida, ka haɗa rubutu da karatu. Wani malamin Sin mai suna Wang Chuming ya yi suna wajen ƙarfafa ɗalibai su riƙa rubutu mai tsawo ba tare da tsoron kuskure ba, da kuma wata dabara ta a ba ɗalibi labari a yanke ƙarshensa, a ce ya ƙarasa. Amfaninta shi ne, mai ƙarasawa dole ya ari kalmomi da ginin jimla daga abin da ya karanta, ya yi aikinsa da su. A 2016 lardin Zhejiang ya sa irin wannan tambaya a jarrabawar shiga jami'a. Dabara ce da ba ta bukatar kuɗi, allo da alli sun isa.

Na san wani zai ce, duk wannan ya yi, amma jarrabawa fa? To, a duba yadda hukumar WAEC ke raba maki 50 na insha'in Turanci, wanda a ke so ya kai kalma 450. Abin da aka faɗa maki 10, tsarin magana 10, iya bayani 20, tsabtar nahawu da rubutun kalmomi 10. Yaron da muka tsoratar har ya laƙe wa layi 5, da me zai cika kalma 450? Mun tsare masa maki 10, mun sa ya yi hasarar 40.

Ƙarshen Labari

Washegarin zuwan malaminmu na kira yarinyar bayan an tashi, na ce mata na yi kuskure a makin da na ba ta, kuma ina so in ji ƙarshen labarin akuya, domin a wancan shafi lokaci ya ƙare ba ta faɗa ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Malam." Ba ta saki jiki nan da nan ba, rubutun da ya biyo baya rabin shafi ne. Sai a makon ƙarshe ta kawo shafi ɗaya da rabi. Har yanzu akwai "catched" a ciki, da "the goat she", amma "go" ya zama "went" a ko'ina, ta kuma raba labarin sakin layi uku ba wanda ya ce ta yi. Akuyar kuwa ashe gida ta riga su komawa.

Har yau abin da ke damuna shi ne, da malaminmu bai buɗe littafin nan ba, da na baro Chinade ina ganin na yi aiki, yarinya kuwa ta koyi cewa hanyar zaman lafiya da malamin Turanci ita ce ka taƙaita bakinka. Yara nawa ne a makarantunmu suka koyi wannan darasi, ba wanda ya lura?

Saboda haka 'yan'uwana, in kun je garuruwan da aka tura ku, kun ga littafin da kurakurai suka cika, kada ku yi hanzarin buɗe jar tawada. Ku nemi abin da yaron ya rubuta a watan jiya ku gwada, ku ga ko sabon abu ya ke ƙoƙarin yi. Ina kuma roƙon waɗanda suka gwada sake rubuta labari ɗaya a azuzuwansu su aiko wa Edita abin da suka gani, domin mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu haƙurin aikin da muka ɗauka, amin.